Kamfanin da ya wayi gari ba direba: Uber da hukumar daraktocinsa a 2017

Ranar Talata, 20 ga Yunin 2017, Travis Kalanick yana wani otal a birnin Chicago. Neman mataimaki ne ya kai shi, wanda zai riƙe masa ayyukan yau da kullum na Uber, kamfanin hayar mota ta manhajar waya da ya shafe shekara shida da rabi yana jan ragamarsa. Bai yi aune ba sai ga baƙi biyu daga Kalifoniya, Matt Cohler da Peter Fenton na kamfanin zuba jari na Benchmark, riƙe da takarda. Manyan masu jari biyar ne suka sa mata hannu: Benchmark ɗin, da First Round Capital, da Lowercase Capital, da Menlo Ventures, da Fidelity. Babban abin da ke ciki shi ne ya sauka daga shugabanci, kuma nan take. A lokacin mahaifiyarsa ba ta cika wata ɗaya da rasuwa ba, a wani haɗarin kwale-kwale da ya bar mahaifinsa da munanan raunuka. Aka wuni ana ja-in-ja, ana ta buge-bugen waya. Da dare ya amince.

Mutane da yawa sun ɗauka hukumar daraktocin Uber ce ta sauke shi. Ba ita ba ce. Hukumar ba ta taɓa zama ta kaɗa ƙuri'ar tsige shi ba, masu jari ne suka zagaye ta suka bi shi har masauki. In ka ga masu gida sun bar ƙofa sun shigo ta katanga, to ka je ka duba ƙofar.

Kalanick ya zo Uber da tabo a zuciya game da masu kuɗi. Kamfaninsa na farko, Scour, kamfanonin fim da na waƙa sun maka shi kotu suna neman diyyar dala biliyan 250, ya durƙushe a 2000. Na biyun, Red Swoosh, sai da ya sha baƙar wuya kafin ya sayar wa Akamai a 2007. Abin da ya fito da shi daga wannan makaranta shi ne, kada ka yarda mai kuɗi ya riƙe maka wuya. Shi ya sa aka tsara hannun jarin Uber iri-iri. Akwai wanda kowane ɗaya ke ɗauke da ƙuri'a goma, yana hannun waɗanda suka kafa kamfanin da masu jarin farko, na sauran kuwa ƙuri'a ɗaya-ɗaya. Kalanick yana da kusan kashi 10 cikin ɗari na kamfanin, amma ƙuri'unsa sun kai wajen kashi 16. A cikin hukumar kuma yana da mutanensa: Garrett Camp, abokin kafa kamfanin kuma ciyaman, da Ryan Graves, wanda ya fara riƙe shugabancin kafin ya miƙa masa a ƙarshen 2010. Irin wannan tsari ba baƙo ba ne a wurin, Google da Facebook ma suna da shi.

Benchmark ya shigo ne a Fabrairun 2011, ya jagoranci zuba dala miliyan 11 lokacin da Uber 'yan baƙaƙen motoci ne a titunan San Francisco. Bill Gurley na Benchmark ya samu kujera a hukumar. Bayan shekara biyar an ƙiyasta darajar kamfanin sama da dala biliyan 60, motocinsa na yawo a ƙasashe fiye da 70, har Legas tun 2014 da Abuja a 2016. Mutumin da kuɗinsa suka ninka sau ɗaruruwa a hannun wani, bakinsa kan yi nauyi in ya zo gaya wa wannan mutum gaskiya.

Ga shi kuwa alamu ba su ɓuya ba. A Nuwamban 2014, a wurin wata liyafar cin abinci, Emil Michael, na hannun daman Kalanick, ya kawo maganar a kashe dala miliyan ɗaya a tono asirin 'yan jaridar da ke sukar kamfanin. Magana ta fita duniya, aka ba da haƙuri, Michael ya ci gaba da zama a kujerarsa. A daidai lokacin ne aka ji labarin wata manhaja ta cikin gida da ke ba ma'aikata damar bin sawun fasinja su ga inda ya dosa. A Maris ɗin 2015 babban jami'in kuɗi, Brent Callinicos, ya ajiye aiki. Ba a maye gurbinsa ba a wannan shekara, ba a maye ba a ta gaba. An ruwaito cewa Gurley ya yi ta matsa lamba a ɗauko wani, Kalanick bai ga dalili ba. Kamfanin da ya yi asarar dala biliyan 2.8 a 2016, ba tare da an haɗa da harkarsa ta ƙasar Sin ba, haka ya ci gaba da tafiya ba mai wannan muƙami. Ko a shagon atamfa na Kwari, in ciniki ya kai wani mataki maigida kan nemi wanda zai riƙe littafi.

A ganina a watan Yunin 2016 aka ɗaura auren rikicin, 2017 biki ne kawai. A watan ne asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya kawo dala biliyan 3.5, kuɗi irin wanda ba kasafai kamfani mai tasowa ke samu daga hannu ɗaya ba, shugaban asusun Yasir Al-Rumayyan ya samu kujera. A cikin takardun wannan ciniki Kalanick ya nemi wani abu: a ƙara kujerun hukumar daga 8 zuwa 11, sababbin ukun kuma shi kaɗai ke da ikon naɗa wanda zai hau su. Aka amince, har da Benchmark. Bai ma naɗa kowa ba, ya bar su a wofi. Kujerar da ba kowa a kanta ta fi mai mutum amfani a wurinsa, domin duk ranar da ya ga ana shirin haɗa masa kai, sai ya cike su ya juya lissafin ƙuri'a. Kowa a hukumar ya san haka. Daga wannan rana duk shawarar da wani darakta zai ba shi ta zama roƙo, in ya ga dama ya ɗauka.

Bayan wata biyu, da amincewar hukumar, Uber ya sayi Otto, ƙaramin kamfanin manyan motoci masu tuƙa kansu wanda tsohon injiniyan Google, Anthony Levandowski, ya kafa, a kan kusan dala miliyan 680. Kafin cinikin an sa wani kamfanin bincike ya duba ko Levandowski ya taho da bayanan tsohon wurin aikinsa. Daga baya Benchmark ya yi zargin a kotu cewa ba a nuna wa hukumar abin da binciken ya gano ba. A ce ma haka ne. Mutanen da suka ɗaga hannu a kan kuɗi masu yawa haka ba su karanta rahoton ba, su ma akwai tambayar da ke jiransu.

Sai 2017 ta kama, abubuwa suka riƙa faɗowa kamar an kwance ƙullin buhu. A ƙarshen Janairu, lokacin da direbobin tasi suka yi yajin aiki a filin jirgin saman New York kan dokar Trump ta hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka, aka zargi Uber da cin moriyar yajin, mutane kusan dubu 200 suka goge manhajar cikin 'yan kwanaki.

Ranar 19 ga Fabrairu wata injiniya mai suna Susan Fowler, wadda ta yi shekara ɗaya a kamfanin, ta wallafa labarinta a intanet. Ta ce a ranarta ta farko a sabon sashe shugabanta ya fara aiko mata saƙonnin neman lalata. Ta ɗauki hoton saƙonnin ta kai sashen kula da ma'aikata. Aka ce mata laifinsa na farko ne, kuma gwani ne a aiki, don haka gargaɗi kawai za a yi masa, ita ta zaɓa: ko ta canza sashe, ko ta zauna ta jira ya ba ta mummunan sakamako. Daga baya ta haɗu da wasu mata da suka kai ƙarar mutumin nan, kowace an gaya mata laifinsa na farko ne. Akwai wani ɗan labari a ciki da ya fi tsaya mini a rai. An yi wa ma'aikatan sashensu alkawarin rigar fata, aka auna kowa. Sai ga saƙo cewa mata ba za su samu ba, wai su shida ne kacal, ba su kai yawan da za a yi ragin sari ba, maza kuwa sun haura 120 an samu rahusa. Kamfanin biliyoyin daloli ke nan yana lissafin kuɗin riga shida. Ba Kalanick ne ya rubuta saƙon ba, mai yiwuwa ma bai ji labarin ba sai da duniya ta ji. Amma wanda ya rubuta ya san irin gidan da yake ciki, ya san ba mai tambayarsa.

Kwana huɗu bayan haka Waymo, reshen motoci masu tuƙa kansu na Google, ya shigar da ƙara cewa Levandowski ya kwashe fayil dubu 14 kafin ya bar aiki. Ranar 28 ga wata kafar labarai ta Bloomberg ta saki wani bidiyo da kyamarar cikin wata motar Uber ta ɗauka. Kalanick na zaune a baya, an iso, direban ya ce masa rage kuɗin mota da kamfanin ke yi ya karya shi, ya yi asarar dala dubu 97. Kalanick ya harzuƙa, ya ce wasu mutane ba sa son ɗaukar alhakin matsalarsu sai dai su ɗora wa wani, ya yi masa fatan sa'a cikin gatse ya fice. Direban ya ba shi tauraro ɗaya, maki mafi ƙanƙanta da ake ba fasinja a manhajar. A daren Kalanick ya rubuta wa ma'aikata cewa ya ji kunya, dole ya sauya ya girma, kuma a karon farko ya yarda yana buƙatar taimako a shugabanci. Kwana uku bayan nan jaridar New York Times ta tona wata manhaja mai suna Greyball da kamfanin ke amfani da ita yana nuna wa jami'an gwamnati motocin bogi don kada su kama direbobinsa. A tsakiyar Maris Jeff Jones, wanda aka ɗauko daga kamfanin shaguna na Target ya zama na biyu a kamfanin, ya ajiye aiki bayan wata shida, ya ce abin da ya gani ya saɓa wa yadda ya san shugabanci.

Tafiyar Jones ta nuna inda ciwon yake. Tawagar shugabannin Uber cike take da haziƙai, wannan ba gardama. Sai dai kusan duk igiyoyin a hannun mutum ɗaya suke ƙarewa, kuma kusanci da shi ya fi muƙami tasiri. Daga cikin ƙa'idoji 14 da kamfanin ya rubuta wa kansa akwai mai ƙarfafa ma'aikaci ya taka ƙafar wanda ya tare masa hanya in yana ganin shi ke da gaskiya. A wurin mutum ashirin da suka san juna wannan na iya zama jarumta. A wurin mutum fiye da dubu 12, inda ake ɗora matasa a kan mutane ba tare da horo ba, ya zama lasisin cin zali. A fadar da ta san abin da take yi akwai waziri, wanda aikinsa ya shiga wurin sarki in an watse ya ce ranka ya daɗe, wannan ba daidai ba ne, kuma ya kwana da rawaninsa. Uber ba shi da wannan mutum a cikin ma'aikata, hukumar da ya kamata ta samar da shi kuma ta riga ta miƙa wuƙa da nama.

Me hukumar ta yi? Ta ɗauko tsohon ministan shari'ar Amurka, Eric Holder, da abokiyar aikinsa Tammy Albarrán su yi bincike kan zarge-zargen Fowler da yanayin aiki a kamfanin. A Maris Arianna Huffington, fitacciyar marubuciya wadda ta shiga hukumar a 2016 kuma ta fi kowa kusanci da Kalanick, ta shaida wa 'yan jarida cewa hukumar na tare da shi. Ita ce kuma ke cikin kwamitin da ke sa ido kan binciken, abin da ya sa wasu ma'aikata da masu jari suka ɗaga gira. Wani binciken daban na lauyoyin Perkins Coie ya duba koke 215, aka kori mutum fiye da 20 ranar 6 ga Yuni. Washegari aka ji an kori wani babban jami'i da ya samo takardun asibiti na matar da direban Uber ya yi wa fyaɗe a Delhi a 2014, ya riƙe su a hannunsa.

Ranar Lahadi 11 ga Yuni hukumar ta yi dogon zama a Los Angeles ta amince da shawarwarin Holder 47 baki ɗaya. In ka karanta su sai ka yi mamakin rashin sabon abu a ciki. A rage wa Kalanick nauyi. A ɗauko cikakken mataimaki mai iko na gaske. A naɗa ciyaman mai zaman kansa, a ƙara daraktocin da ba su da alaƙa da masu kamfanin. A riƙa ajiye koken ma'aikata a rubuce, a horar da manajoji, a rage shan giya a wurin aiki. Duk abubuwan da hukuma mai ƙarfi za ta iya nema tun 2014 ba tare da ta biya lauya ko kwabo ba.

Ranar 13 ga wata aka tara ma'aikata don a karanta musu rahoton, aka sanar cewa Kalanick ya tafi hutun da ba a sa wa rana ba. Huffington na kan dandamali tana cewa bincike ya nuna in mace ɗaya ta shiga hukuma, akan samu ta biyu ta biyo baya. David Bonderman na kamfanin zuba jari na TPG, darakta, ya katse ta ya ce abin da hakan ke nunawa shi ne surutu zai ƙaru. A taron da aka kira don maganar wulaƙanta mata! Kafin dare ya ajiye kujerarsa. Ma'aikata suka gani da idonsu cewa masu gyaran ma suna buƙatar gyara.

Aka bar kamfanin a hannun kwamitin mutum 14. Ba shugaba, ba mataimaki, ba babban jami'in kuɗi, ba shugaban injiniyoyi, Emil Michael ma ya tafi. Har aka riƙa yi musu ba'a cewa Uber bai gama ƙera mota mai tuƙa kanta ba, amma ya riga kowa ƙera kamfani mai tuƙa kansa. Kalanick kuwa hutun a baki ne, yana ta kiran mutane yana ba da umarni. Wannan ne ya kai tura bango, aka rubuta takardar Chicago. Waɗanda suka sa mata hannu suna riƙe da kusan kashi 40 na ƙuri'u, bai kai rinjaye ba, amma da barazanar fitar da maganar duniya ya isa.

Tsugune ba ta ƙare ba. Da ya rasa kujerar da ke tafiya da muƙamin shugaba, sai Kalanick ya naɗa kansa a ɗaya daga cikin ukun nan na 2016, biyu suka rage a aljihunsa. Gurley ya bar hukumar, Cohler ya gaje shi. Ma'aikata fiye da dubu suka sa hannu a takardar neman a dawo da shi. Neman sabon shugaba ya zama fagen daga: ɓangare ɗaya na son Jeff Immelt na General Electric, Benchmark na son Meg Whitman ta Hewlett Packard Enterprise, kuma duk abin da aka faɗa a ɗakin taro sai a gan shi a jarida kafin a kai gida. Ranar 10 ga Agusta Benchmark ya maka Kalanick a kotun Delaware, yana zarginsa da yaudara, cewa ya ɓoye ɓarnar da ke cikin kamfanin lokacin da ya karɓi kujeru ukun. Shi kuma ya ce sun yi amfani da makokinsa suka yi masa kwanton ɓauna. Mai jari ya kai wanda ya kafa kamfani kotu a bainar jama'a, abu ne da ba a saba gani ba a wannan harka, domin kowane mai jari yana rayuwa ne da sunan cewa shi abokin masu kafa kamfani ne. A ƙarshen watan ɓangarorin biyu suka haɗu a kan mutumin da ba na kowa ba, Dara Khosrowshahi, haifaffen Iran, shugaban kamfanin tafiye-tafiye na Expedia.

Ranar 29 ga Satumba, ana shirin zaman rage masa iko, Kalanick ya zaro sauran kujeru biyun ya naɗa Ursula Burns, tsohuwar shugabar Xerox, da John Thain, tsohon shugaban Merrill Lynch, ba tare da ya gaya wa kowa ba. Duk da haka ranar 3 ga Oktoba hukumar ta amince a soke ƙuri'a goma-goma, kowane hannun jari ƙuri'a ɗaya, a faɗaɗa kujeru zuwa 17, a shiga kasuwar hannun jari nan da 2019. Kuɗin SoftBank ne ya sayi wannan sulhu. Kamfanin na Japan ya sayi hannun jarin tsofaffin masu jari a kan ƙimar dala biliyan 48, alhali a baya ana maganar kusan 70. Wannan ragi shi ne kuɗin da shekarar ta ci, ban da dala miliyan 245 na hannun jari da aka ba Waymo a sasanta, ban da asirin da ya tonu a Nuwamba cewa an sace bayanan mutum miliyan 57 a 2016 aka biya ɓarayin dala dubu 100 su yi shiru.

Ni dai ban yarda da labarin da ke mai da Benchmark gwarzon da ya ceci kamfani daga hannun azzalumi ba. Taurin kan da ya jawo Greyball shi ne ya buɗe wa Uber birane ɗaruruwa inda dokar tasi ta ce a'a, kuma masu jari sun ci ribar wannan taurin kai suna tafi. Ba su motsa ba sai da suka ga darajar jarinsu na shirin zubewa, sannan suka zaɓi makon da mutumin ya fi rauni. Ban kuma yarda da masu cewa an ci amanar Kalanick ba. An ba shi dama bayan dama, ya ɗauki kowace shawara a matsayin yunƙurin ƙwace. Abin da ya rasa shi ne taimako irin wanda ke da ɗaci, a ce masa ba za mu sa hannu a wannan ciniki ba sai ka ɗauko jami'in kuɗi, ba za ka samu kujeru uku ba sai an samu ciyaman da ba abokinka ba. A 2015 wannan magana za ta jawo ɓacin ran mako ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su kuwa sun jira ya bushe suka zo da gatari.

Khosrowshahi ya fara da cike guraben. Tony West ya zama babban lauya, Barney Harford mataimaki mai kula da ayyuka. A 2018 aka naɗa Ronald Sugar ciyaman mai zaman kansa, aka ɗauko Nelson Chai jami'in kuɗi, shekara uku da watanni bayan tafiyar Callinicos. Benchmark ya janye ƙararsa da aka kammala cinikin SoftBank, inda Kalanick ya sayar da kusan kashi 29 na abin da ya mallaka a kan dala biliyan 1.4. Ranar 10 ga Mayun 2019 Uber ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a kan dala 45, farashin ya faɗi a ranar farko, kuma sai a 2023 kamfanin ya ga ribar aiki ta cikakkiyar shekara. Kalanick ya sayar da sauran hannun jarinsa ya bar hukumar a ƙarshen Disamban 2019. Burns da Thain, waɗanda ya naɗa don su zame masa garkuwa, sun ci gaba da zama a kujerunsu shekaru bayan tafiyarsa, ana lissafa su cikin daraktoci masu zaman kansu.